Wane edita, kuma ta wace hanya? Zaɓin da ke gyara ko ɓata aikin Python, Java da C++ a Linux

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ina ganin ƙarin matasa masu koyon rubuta manhaja a Jos suna komawa Linux. Dalilin a fili yake. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu na hannu ne, irin HP da Dell da Lenovo da ake saye a kewayen Taminus da titin Ahmadu Bello, kuma da yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Sai a ɗora Ubuntu ko Linux Mint, kwamfuta ta yi sakayau, mai ita ya ji daɗi. Murnar takan yanke ne ranar da ya buɗe edita, wato manhajar da ake rubuta kod a cikinta, zai rubuta Python ko Java, ya tarar da jan layi ƙarƙashin kod ɗin da ya san lafiyarsa ƙalau, ko ya ɗiga ɗigo bayan sunan abu yana jiran editan ya kawo masa shawarar abin da zai biyo baya, ya ji shiru.

Ƙorafin da na fi ji daga ƙannenmu na Jami'ar Jos da masu shirin 3MTT, na gwamnatin tarayya mai horar da matasa fasahar kwamfuta, shi ne, "Yaya, VS Code ɗina ba ya ganin Python." Maganin da aka fi ba juna kuma shi ne a goge a sake ɗorawa, ko a haƙura a koma Windows. Duka biyun ɓarnar data ce da lokaci. Matsalar kusan kullum tana tasowa ne daga zaɓi biyu da mutum ya yi a rana ta farko bai ma san zaɓi yake yi ba: wane edita ya ɗauka, da kuma ta wace hanya ya shigar da shi kwamfutarsa. Na biyun ya fi cutar da mutane, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Amma sai an fara sanin yadda aikin ya rabu. Editan da kake gani a allo, shi a karan kansa bai san Python ba, bai san Go ba. Tun 2016, da Microsoft da Red Hat da Codenvy suka fito da ƙa'idar LSP, wadda ta tsara yadda edita zai yi magana da manhajar da ta san yare, abin ya kasu uku. Akwai edita, mai nuna rubutu. Akwai sabar yare, wata manhaja daban da ke aiki a ɓoye tana karanta kod ɗinka: Pylance ko Jedi ga Python, clangd ga C da C++, gopls ga Go, rust-analyzer ga Rust, JDT LS na Eclipse ga Java. Sai kuma kayan yaren kansa, wato tafintan Python, ko JDK na Java, ko gcc na C da C++. Edita yana tambayar saba, saba kuma tana laluben kayan yare a cikin kwamfuta. Idan saba ba ta tashi ba, ko ta tashi amma ta kama tafintan da ba shi kake nufi ba, sai jan layi ya bayyana. Wanda ya sake ɗora edita ya taɓa ɗaya ne kawai cikin ukun, kuma yawanci shi ne wanda lafiyarsa lau.

Hanyar shigarwa: .deb, Snap ko Flatpak

VS Code ɗaya ne, amma ta ƙofa uku yake shiga Linux, kuma halinsa yana canzawa gwargwadon ƙofar.

Ƙunshin .deb shi ne wanda ake saukewa daga shafin VS Code, wajen megabait 100, a shigar da shi da `sudo apt install ./` haɗe da sunan fayil ɗin. Masu Fedora nasu .rpm ne, aikinsu ɗaya. Editan da ya shigo ta nan ɗan gida ne. Abin da tagar umarninka (terminal) take gani, shi ma shi yake gani: `/usr/bin/python3` ɗaya ne, gcc ɗaya ne, Docker ɗaya ne. Lokacin shigarwa yana neman izinin ƙara rumbun Microsoft cikin apt, wato mai shigar da manhajoji a Ubuntu da Mint, ta yadda sabuntawa za ta zo lokacin da kai ka buga `apt upgrade`, ba lokacin da ta ga dama ba. Aibinsa guda da na sani shi ne tsohuwar kwamfuta mai tsohon tsari. Daga siga ta 1.86, wadda ta fito farkon 2024, VS Code yana buƙatar glibc, babban laburaren tsarin Linux, siga ta 2.28 zuwa sama, saboda haka Ubuntu 18.04 ta fita daga layi. Idan wani ya ɗora maka 18.04 daga tsohon filashi, gyaran na tsarin ne gaba ɗaya, ba na edita ba.

Snap shi ne abin da shagon manhajoji na Ubuntu yake fara miƙo maka. Microsoft ce da kanta take wallafa shi, kuma ana shigar da shi da `--classic`, ma'ana ba a killace shi ba, yana ganin kayan kwamfutarka. Don haka Python da Java suna aiki a kansa kusan yadda suke yi a .deb. Inda yake ba da ciwon kai shi ne wasu saitunan muhalli nasa da ke zubowa cikin tagar umarnin da ke cikin editan. Masu zana jadawali da matplotlib ko masu buɗe taga da GTK sun sha gamuwa da saƙon "symbol lookup error" mai ambaton GLIBC_PRIVATE, alhali kod ɗin nan idan aka gudanar da shi a tagar umarni ta waje yana tafiya sumul. `unset GTK_PATH` yakan kawar da shi, amma wanda bai taɓa jin labarin ba zai kwana yana zargin kod ɗinsa. Abu na biyu ya fi damuna a matsayina na mai sayen data da kuɗin aljihu: Snap yana duba sabuntawa sau 4 a rana yana saukewa da kansa. Bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince da shi a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ke jona kwamfuta da wayarsa. Ana iya dakatar da shi da `sudo snap refresh --hold`, ko `sudo snap set system refresh.metered=hold` idan ka nuna wa tsarin cewa layin naka na awo ne.

Flatpak ne tarkon gaske, kuma ba don mugun abu ba ne. An gina shi ne domin ya killace manhaja, ya ba ta nata kayan, ya hana ta taɓa sauran kwamfutar yadda ta so. Ga manhajar kallon bidiyo ko ta hira, wannan alheri ne. Ga edita kuwa, tamkar ka ɗauko kafinta ne ka rufe shi a ɗaki da ɗan akwatinsa, sannan ka ce ya yi aiki da zarto da gudumar da ka aje a tsakar gida. Yana jin ka, hannunsa ne ba ya kaiwa. A cikin Flatpak, foldar `/usr` ba taka ba ce, ta kayan Freedesktop ce da suka zo tare da editan. Akwai Python a ciki, amma ba wanda ka ɗora da apt ba, kuma sau da yawa sigarsu ta bambanta. Ka shigar da JDK ka tabbatar `javac` yana amsawa a waje, ka shiga tagar umarnin editan a ce maka babu shi. Mafi ruɗarwa shi ne keɓaɓɓen muhallin Python (venv, foldar da ke riƙe laburaren aiki ɗaya) da ka ƙirƙira a waje: yana nuni ne zuwa `/usr/bin/python3`, a cikin killataccen wurin kuma wannan adireshin wani tafinta ne daban, sai laburaren da ka sauke su ɓace wa editan ko da yake suna nan a faifai.

Akwai hanyar zama da shi. Ana saita tagar umarnin editan ta bi ta `flatpak-spawn --host`, ko a sauko da ƙarin kayan yare na Flatpak, irin su `org.freedesktop.Sdk.Extension.openjdk21` da na golang da rust-stable, a kunna su da `FLATPAK_ENABLE_SDK_EXT`. Yana aiki. Sai dai ka sauke kowane yare sau biyu ke nan, ɗaya na gida ɗaya na ɗaki, bayan ɗaruruwan megabait na kayan tushe da Flatpak ya ja a ranar farko. Kuma VS Code da ke Flathub, shagon Flatpak, ba Microsoft ce ke kula da shi ba, masu sa kai ne. Mutanen da suka fi faɗawa nan su ne masu Linux Mint da Fedora da Zorin, domin shagunan manhajojinsu suna nuna Flatpak, Mint ma ta toshe Snap tun siga ta 20 a 2020. Wanda ya baro Windows jiya ya saba cewa abin da ke shago shi ne na ƙwarai, ba laifinsa ba ne.

Idan ba ka san wanne ke kwamfutarka ba, buga `flatpak list` da `snap list`, ka ga inda sunan editan ya fito. Hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana: ga mai koyo, .deb ko .rpm. Snap idan ya riga ya shiga kuma bai dame ka ba, bar shi, ka dai kama linzamin sabuntawarsa. Flatpak kuwa cire shi ka huta, sai fa idan tsarinka irin Fedora Silverblue ne da aka gina shi a kan wannan salon, kuma wanda ya kai ga zaɓen Silverblue ya san abin da ya shiga.

VS Code da VSCodium

Da ido ba za ka bambance su ba. Tushen kod ɗin VS Code a buɗe yake ƙarƙashin lasisin MIT tun 2015, amma abin da Microsoft take rabawa tana ƙara masa nata lasisin da tattara bayanan amfani. VSCodium wannan tushen ne aka gina ba tare da waɗannan ƙarin ba. Ina girmama aikin, kuma wanda ya zo Linux don 'yancin manhaja yana da hujjar zaɓensa. Amma gara a faɗa masa farashin tun kafin ya shiga.

Farashin yana cikin kasuwar ƙare-ƙare (extensions), wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa edita. VSCodium yana ɗebowa daga Open VSX, rumbun da Gidauniyar Eclipse ke riƙe da shi, saboda sharuɗɗan kasuwar Microsoft sun taƙaita ta ga manhajojinta. Wasu daga cikin ƙare-ƙaren da darussan YouTube suka fi ambata rufaffu ne. Pylance, da ya fito a 2020, yana cikinsu. A VSCodium ƙarin Python yana shiga, amma sai ya koma kan Jedi, wanda yana cika suna yana kai ka inda aka ayyana abu, sai dai bai kai Pylance zurfi wajen gane nau'in bayanai ba. Abin da na fi ba da shawara shi ne basedpyright, wanda aka tsago daga Pyright, buɗaɗɗen injin da Pylance kansa ke zaune a kai. Yana Open VSX, kuma ya rufe mafi yawan giɓin. A farko zai cika maka allo da gargaɗi domin ya fi tsanani, sai ka sassauta shi a saiti.

Ga C da C++ labarin ya fi zafi. A Afrilun 2025 ƙarin C/C++ na Microsoft ya fara ƙin aiki a editocin da ba nata ba, har da VSCodium. Wanda ya bi tsohon darasi ya sauko da fayil ɗin .vsix ya cusa da hannu, zai ga ya shiga amma ya ƙi motsi. A nan ban ga asara mai yawa ba, domin clangd na aikin LLVM ya wadatar, ni ma shi na fi so ko a VS Code. Haka C# Dev Kit da Remote SSH da Dev Containers duk rufaffu ne. Saboda haka mai koyon C# ko wanda aikinsa ke kan sabar kamfani ta nesa, VS Code zai fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Mai Go, Rust, Java, JavaScript ko PHP kuwa da wuya ya ji bambanci. Ƙarin Java na Red Hat buɗaɗɗe ne, gopls da rust-analyzer ma haka, JavaScript da TypeScript kuma tare da editan suke zuwa.

Akwai wani abu da ba na fasaha ba da ya kamata a sa a ma'auni. Idan kana aji, malami yana nuna VS Code a allo, abokan karatunka duk shi suke riƙe da shi, to ranar da naka ya ƙi, mutum goma za su iya leƙa allonka su gane. Mai VSCodium a ajin nan shi kaɗai zai yi fama. Wata shida na farko ba lokacin kaɗaici ba ne.

Abin da kowane yare ke nema, ko wane edita ka ɗauka

Python ya fi kowa kawo ƙara, kuma dalilin ya ƙaru daga 2023. Debian 12 da Ubuntu daga 23.04 zuwa sama sun fara aiki da ƙa'idar PEP 668, wadda ke hana `pip install` zuba kaya cikin Python na tsarin. Saƙon da ke fitowa shi ne "externally-managed-environment". Za ka ga masu cewa a ƙara `--break-system-packages` a wuce wurin. Kada ka saba da shi, domin kayan aikin tsarin kansu da wannan Python ɗin suke tafiya. Hanyar ita ce `sudo apt install python3-venv`, sannan cikin foldar aikinka `python3 -m venv .venv`, ka kunna shi, ka sauke abin da kake so a ciki. Saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa: a edita ka danna Ctrl+Shift+P, ka nemi "Python: Select Interpreter", ka zaɓi na `.venv`. Gargaɗin nan na "Import could not be resolved" galibi ma'anarsa ke nan, ka sauke Django ko pandas a tafinta ɗaya, saba tana duba wani. Buga `which python3` a tagar waje da ta cikin edita, ka gwada amsoshin da sunan tafintan da ke ƙasan allo. In sun saɓa, ka kama ɓarawon.

Java tarkonsa JRE ne. `default-jre` yana gudanar da manhaja amma ba shi da `javac`, abin da kake buƙata `default-jdk` ne. Idan siga biyu ne a kwamfutar, `sudo update-alternatives --config java` zai ba ka zaɓi. Kuma ka buɗe folda gaba ɗaya, kada ka buɗe fayil guda, in ba haka ba saba za ta gaya maka kuskuren nahawu kaɗai za ta duba. Wani abu da ya shafe mu musamman: Maven, mai harhaɗa aikin Java, yana sauke laburare da yawa a buɗewar farko zuwa `~/.m2`, idan intanet ta yanke a tsakiya sai ya rubuta cewa ya gwada ya kasa, ya ƙi sake gwadawa nan kusa. `mvn -U compile` zai tilasta shi, sannan ka gudanar da "Java: Clean Java Language Server Workspace".

C da C++ suna son `build-essential` da `gdb` tun farko. Shi clangd yana buƙatar fayil mai suna `compile_commands.json` kafin ya san yadda ake harhaɗa aikinka. CMake yana fitar da shi idan ka ƙara `-DCMAKE_EXPORT_COMPILE_COMMANDS=ON`, masu Makefile kuma su yi amfani da `bear -- make`. A Ubuntu 22.04 akwai sananniyar matsala inda clangd ke cewa bai ga `iostream` ba, saboda ya kama foldar GCC 12 alhali kayan C++ na 11 ne kawai a kwamfutar. Shigar da `libstdc++-12-dev` yana kashe maganar.

Go da Rust da Node ciwonsu ɗaya: tsufan abin da ke apt, da kuma PATH, wato jerin foldojin da tsarin ke dubawa idan yana neman umarni. Ubuntu 22.04 tana ba da Go 1.18 da Node 12, ita 24.04 Go 1.22 da Node 18. Sabbin saba sukan ƙi irin waɗannan, shi ya sa ake ɗauko Go daga shafinsa, Rust ta rustup, Node ta nvm. Su kuma suna ajiye kayansu a `/usr/local/go/bin` da `~/go/bin` da `~/.cargo/bin` da `~/.nvm`, wuraren da sai an sanar da tsarin. Gwaji mai sauƙi: rufe editan gaba ɗaya, ka buɗe shi daga tagar umarni da `code .` Idan komai ya dawo daidai, PATH ne. Sa layin a `~/.profile`, ka fita daga asusunka ka sake shiga.

Kafin duk wannan ma, akwai wurin da saba take faɗin abin da ke damunta, mutane ba sa leƙawa. A VS Code da VSCodium, View sannan Output, ka zaɓi sunan yaren a ɗan jerin da ke dama. Layi biyar na ƙarshe sukan faɗi sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa. Idan za ka tura wa wani tambaya a WhatsApp, hoton wannan wurin za ka tura, ba hoton jan layin ba.

Idan RAM ɗinka 4GB ne

Nan lissafin yake sauyawa. VS Code da VSCodium a kan Electron aka gina su, wato akwai Chromium a cikinsu. Ka haɗa da burauza mai shafuka goma da sabar Java ko rust-analyzer, 4GB ya cika. Linux idan ya ƙure yana kashe manhajar da ta fi ci, kuma sau da yawa sabar yare ce. Alamar ita ce saƙon da ke cewa saba ta faɗi sau 5 cikin minti 3 ba za a sake tashinta ba. `journalctl -k | grep -i oom` zai nuna maka ko hakan ne ya faru. Kunna zram, mai matse bayanai a cikin RAM, yana taimakawa, rage ƙare-ƙare ma haka, amma idan kwamfutar tana karɓar ƙari, sayen RAM ya kai 8GB shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani a harkar nan.

Wanda ba shi da halin haka yanzu, ya dubi Kate. Editan KDE ne, yana apt, yana da LSP tun 2019, kuma ba shi da nauyi. Ka shigar da clangd ko `python3-pylsp` da kanka, ka kunna ƙarin LSP a saitinsa, shi ke nan. Ba a cika ambatonsa a wajenmu ba, abin kuma yana ba ni takaici, domin ga ɗalibi mai ƙaramar kwamfuta da ke koyon C ko Python ya fi dacewa da shi fiye da abin da ake ta tallatawa.

Neovim ya fi shi sauƙin nauyi, yana da LSP a jikinsa tun siga ta 0.5 a 2021, ta 0.11 a 2025 kuma ta ƙara sauƙaƙa saitin. Matsalar ita ce apt na Ubuntu 22.04 yana ba da 0.6, na 24.04 kuma 0.9, alhali shirye-shiryen da ake yayi irin LazyVim suna neman sabo. Sai an ɗauko shi daga GitHub. `:checkhealth` yana bayani dalla-dalla fiye da duk wani edita da na sani, Helix ma yana da irinsa, `hx --health python`. Duk da haka ba na tura sabon shiga can. Koyon yare da koyon Vim a lokaci guda kaya biyu ne a ka ɗaya. Wanda ya shekara yana rubuta kod, ko mai yawan aiki a saba ta SSH, shi ne zai ci moriyarsa.

JetBrains, da wanda ya dace da su

PyCharm da IntelliJ IDEA, editocin kamfanin JetBrains, hanyarsu daban. Ba su dogara da sabar LSP ga manyan yarukansu ba, injin fahimtar kod a jikinsu yake. Wannan ya rage wuraren da abu zai lalace: PyCharm yana ƙirƙirar maka keɓaɓɓen muhalli da kansa, IntelliJ yana iya sauko maka da JDK daga cikinsa. Ga Java da Kotlin ban ga na biyunsa ba, Android Studio ma a kansa aka gina shi. Ainihin aikin Python da Java kyauta ne, ɗalibai masu shaidar makaranta suna samun cikakken lasisi, WebStorm da Rider sun zama kyauta ga aikin da ba na kasuwanci ba a Oktoban 2024, CLion ya bi su a 2025.

Kuɗin da ake biya RAM ne da batir. Kamfanin kansa 8GB yake ba da shawara. Duk buɗe sabon aiki sai ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana tsara su, fanka tana kuka, batir yana zuba, kuma wanda ke Unguwar Rogo ko Farin Gada yana lallaɓa cajin da ya samu kafin a ɗauke wuta ya san darajar minti ashirin. Wannan ne ke sa wasu su kunna "Power Save Mode" a menu na File, su manta. Yanayin yana kashe binciken kurakurai da shawarar da ke fitowa da kanta, sai mutum ya zaci editan ya lalace. Duk mai PyCharm da ya ce min komai ya tsaya cak, nan nake fara tura shi, kafin "Invalidate Caches". NetBeans da Eclipse kuma suna nan ga wanda malaminsa ya wajabta su, JDK kawai suke nema a nuna musu.

To, wa zai ɗauki me? Ɗalibar da ta fara Python ko ginin shafukan intanet, da RAM 8GB, ta ɗauki VS Code na .deb, ta koyi `.venv` a makon farko. Mai kishin buɗaɗɗiyar manhaja da ke rubuta Go, Rust, C ko JavaScript ya ɗauki VSCodium daga rumbunsa na apt, ya haɗa da clangd da basedpyright, ba zai rasa komai mai muhimmanci ba. Mai Java ko Android da kwamfutarsa za ta iya ɗauka ya tafi IntelliJ ko Android Studio kai tsaye. Mai 4GB ya fara da Kate yana tara kuɗin RAM. Idan kuma kuna da yawa a ɗaki ɗaya ko aji ɗaya, mutum ɗaya ya sauke .deb ɗin da fayilolin .vsix na ƙare-ƙaren da kuke buƙata inda ya samu intanet mai arha, ya zuba a filashi, sauran su shigar da `code --install-extension` haɗe da sunan fayil. Ku dai tabbatar na Linux x64 aka sauko, domin ƙare-ƙare irin na Java da rust-analyzer kowane tsari da nasa fayil.